Maganin Ta-Kebbe Na Nan Wurina

Labarin ya iske ni da safen ga, ina tsugune bakin randa ina wanke allunan ɗalibaina.

Waya ta yi ƙara, na ga sunan Rabi, na ɗauka da jiƙaƙƙen hannu. Ta ce, "Inna Malama, Innata ta rasu." Na ce, "To." Abin da ya fito bakina ke nan. Sai ita da anka yi wa rashin, ita ta fara ce min innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ni kuma na bi ta a baya kamar mai ɗaukar sabon karatu.

Na ƙarasa wanke allunan. Guda tara. Na jingina su ga bango.

Har yanzu ban yi kuka ba. Ban san dalili ba.

An yi mata sutura tun kafin azahar can Kebbe. Ban samu zuwa ba, sai gobe in Allah Ya kai mu.

Ba zan sa hotonta ba, ba kuma zan rubuta sunanta na yanka ba. Zan kira ta da sunan da nika kiranta tun ranar da munka haɗu, Ta-Kebbe. Mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ce. Ƙawata ce shekara goma sha ɗaya. Ta girme ni da shekara fuɗu, amma Malama taka ce min, in kuma ta so tsokana ta ce Malama mai waswasi, don ta taɓa ganin na sake alwala sau uku.

Abin da zan rubuta amana ce, shi ya sa na daɗe zaune da wayar ga a hannu. Na sake kiran Rabi, babbar ɗiyarta, na tambaye ta. Ta ce, "Inna Malama, rubuta. Ni ma ina da abin da nika son in faɗi, bakina ne ba ya iyawa." Ita kanta marigayiyar ta taɓa ce min tana dariya, "Ran da nim mutu, Malama, hau bisa katanga ki yi shela. Yanzu dai bari in saida ƙulina."

Ta-Kebbe tana ɗauke da HIV.

Ban ga adalcin in buɗe nata in rufe nawa ba. Ni ma ina ɗauke da ita. Bisa bencin asibiti munka san juna, nan Tambuwal, wurin amsar magani. Ɗiyana sun sani. Matan da ke zuwa karatu gidana ba su sani ba sai yau. Na san wasu mazan za su hana matansu zuwa. Na yi tunanin hakan, na ga akwai abin da ya fi shi nauyi, zan zo gare shi.

Ranar farko ina zaune ƙarshen benci cikin niƙabi, watana biyu da fita takaba, hawaye na zuba ba sauti. Wata mata da ke kusa da ni, ita ma cikin niƙabi, ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Ke baiwar Allah, in kuka za ki yi ɗage ƙyallen ga. Sabulu ya yi tsada." Ta tura min ƙuli guda biyu ta ƙarƙashin hijabi.

Na ci. Rabona da in ji ɗanɗanon abu a baki tun kafin maigidana ya kwanta.

Farkon fara magani jikina ya ƙi abinci. Duk ranar kasuwar Tambuwal sai ta biyo gidana kafin ta kasa kayanta, ta hura wuta da kanta, ta dama min kunun gyaɗa, ta tsaya bisa kaina. In na ce na ƙoshi ta ce, "Ban tambaye ki ba."

Ba ta taɓa shigowa gidan ga hannu sake ba. Kwalbar mai, ko ƙullin tunkuza, ko soyayyar gyaɗa.

Ba ta yi karatu da ƙuruciya ba, sai na sa ta ɗauki allo. A shekara goma sha ɗaya munka yi izu biyu. Tana karatu tana ba ni labarin farashin gyaɗa a Dogon Daji. In na gyara mata harafi ta ce, "Allah Ya san abin da nika nufi, Malama, ke ɗai ta ba ki gane ba." Amma ta koma gida ta yi ta maimaitawa bakin kasko, Rabi ta faɗa min.

Kullum bayan magariba takan yi min flashin, ƙara biyu ta kashe. Ma'ana ta sha nata. Ni ma in mayar mata. Ko ranar da anka yi ruwan da ya cinye hanyar Fakku, network ya ɗauke, sai da ta hau tudun bayan gidansu ta yi shi.

Ba ta taɓa tsallake magani ba. Ko sau ɗaya. Ina son a riƙe wannan.

To ga inda abin ya faro.

Shekara fuɗu da sunka wuce, tana fitowa daga ɗakin amsar magani, sai ga wani ɗan kabukabu na unguwarsu ya kawo mara lafiya. Duk da niƙabinta, ya gane ta da takalminta. Ya ce, "A'a, Inna mai ƙuli, lafiya dai?" Ta ce haƙori ke damunta. Daga nan gidana ta nufo. Ta ce, "Malama, abin da nika saidawa baki shika shiga. Ran da anka sani, wa ka sayen ƙulina? Ko kyauta nib ba su, awaki za su zuba ma."

Gaskiya ta faɗa. Na san mutanenmu.

Sai na ce ta kawo katinta. Asibiti na yarda wani amintacce ya amsar wa mutum, anka rubuta sunana cikin fayil ɗinta. Daga ranar ni ka amso muna mu biyu duk wata uku. In na kawo sai in buɗe robar in cusa auduga don kada ƙwayoyin su yi ƙara cikin mota, in naɗe cikin tsumma, ranar kasuwa ta zo ta tura shi ƙasan buhun gyaɗa. Sau ɗaya a shekara kawai taka shiga asibitin da ƙafarta, don a ɗebi jini, shi ma da sassafe, tana fita kamar wadda anka kora.

Na ɗauka alheri nika yi. Har cikin raina nakan ji daɗi in na sa katinta cikin gafakata, tare da nawa.

Abin da ban auna ba shi ne, duk wanda ya zauna bisa bencin nan, kafin a miƙa mashi magani sai an ɗaura mashi abin awon BP ga hannu, an ɗora shi bisa sikeli, an tambaye shi ko yana jin wani abu. Ni ana min haka duk wata uku. Ta nan anka gane jinina ya fara hawa, anka ƙara min wata 'yar ƙwaya, anka ce in rage gishiri da magi, in riƙa tattaki. Ita kuwa katinta ne ke zuwa. Kati ba shi da hannun da za a ɗaura wa komai.

Sistar da ke duba mu, mace mai haƙuri, ta sha zaunar da ni. Ta ce, "Malama, ku masu shan maganin nan, ko da ƙwayar ta kwanta, ko da result ya yi kyau, zuciyarku da jijiyoyin jininku sun fi na sauran mutane saurin samun matsala. Balle an haura hamsin. Balle ga hawan jini, ga hayaƙin itace kullum. Ki kawo min ƙawarki in gan ta da idona."

Bara da ta zo ɗibar jini, an auna ta, an iske ya hau sosai. Sista ta ce ta dawo bayan sati biyu a sake aunawa, in bai sauka ba a fara mata magani. Muna fita ƙofa ta ce min, "Wanda anka kwaso tun daga Kebbe bisa wagga hanya, kowane rami ya jefa shi sama ya caɓe, jininai bai hau ba? Ai da Sista ta hau kabukabun nan, nata sai ya fasa injin."

Na yi dariya. Allah Ya yafe min, na yi dariya.

Ba ta koma ba.

Duk zuwan da na yi bayan nan, Sista sai ta ce, "Ki ce mata ta zo." Haka kawai, ta zo. Ni kuma in ta iso gidana a gajiye, ga jarka bisa kai, sai in ji nauyin faɗa mata haka tsirara. Sai in ce, "Sista na gaishe ki, ta ce in kin samu sarari ki leƙa."

Sista ba ta taɓa cewa in ta samu sarari ba. Ni na ƙara.

Ni da nika tsayar da ɗaliba bisa wasali ɗaya in ce ta sake, ni na ƙara wa saƙon mutane abin da ba su ce ba, har sau uku. Tun safe wannan ke zuwa min yana komawa.

Kuma mu duka hankalinmu na wuri guda. Result. In na dawo na ce mata, "An ce ba a ga ƙwaya ba cikin jininki," sai ta aje jarka ta yi 'yar rawa tsakar gida, ta ce, "Ka ji tsohuwa mai ƙashin arziki." Mun ɗauka ciwon ga ƙofa ɗaya gare shi, kuma mun tsare ta. In ta yi tari mu ce ko shi ne. In ta rame mu ce ko shi ne. Amma haki da taka yi in ta hau tudun tasha, da kumburin ƙafa, da nauyin ƙirji, waɗannan mun ba su wasu sunaye. Gajiya. Tsufa. Olsa.

Ganina da ita na ƙarshe, ranar kasuwar da ta wuce.

Ta iso wajen hantsi. Ba ta yi sallamarta mai ƙarfi da ta saba ba, wadda har maƙwabta ke amsawa. Sai dai na ji an aje jarka. Na fito na iske ta zaune bisa dokin ƙofa, zufa na tsiyaya, ta dafe ƙirji da hannun dama tana murza kafaɗar hagu.

Na ce, "Ta-Kebbe, lafiya?"

Ta ce, "Olsa ta. Da ƙuli nik karya. Jiƙa min kanwa."

Na jiƙa mata. Da hannuna na miƙa mata kofin. Na sani sarai an hana ni kanwa saboda hawan jini, Sista ta ce gishiri ce ita ma. Amma haka munka tashi, in ƙirji ya yi zafi a jiƙa kanwa, hannuna ya riga tunanina.

Daga ƙofar gidana ana hango tankin ruwan asibitin. Tafiyar da ba ta kai a dafa shayi ba. Na ce, "Ko mu leƙa wurin Sista, tunda kin zo?"

Ta dube ni ta ce, "Yau? Rabin Kebbe na cikin Tambuwal yau, Malama. Mi kika so in ce musu, haƙorin bai warke ba shekara fuɗu?"

Na ce, "To."

Kun ga, kalmar nan ce dai. Ita na faɗa ranar, ita na faɗa yau da safe.

Ta huta, ta yi gyatsa, ta ce ta ji sauƙi. Ta biya karatunta, aya uku, ba kuskure ko ɗaya, har na yi mamaki. Na taya ta ɗora jarka. Ta kai bakin zaure ta juyo ta ce, "In kin amso min, cusa auduga da yawa. Wancan karon sai kacau-kacau shika yi cikin mota, awa na ɗauko 'yan rawa."

Maganarta ta ƙarshe gare ni ke nan.

Ran Alhamis na amso. Na cusa auduga da yawa. Na girgiza robar kusa da kunnena, ba ta yi ƙara ba. Tana nan bisa kantar ɗakina, naɗe cikin tsumma, ta wata uku cif.

Rabi ta ce yau bayan asuba ta yi sallarta, ta hura wuta, ta fara tuyar ƙuli kamar kullum. Kasko na biyu ta ce, "Rabi, zo ki karɓa, wani abu ya danne min ƙirji." Ta zamna ta jingina ga turmi. Kafin a samo abin hawa ta daina amsawa. Ma'aikacin lafiyar da anka kai ta wurinshi ya ce ga alama zuciya ce ta tsaya. Ba a yi wani bincike ba, don haka ba zan faɗi abin da ban sani ba. Allah ne masani. Na dai faɗi abin da na gani da idona bisa dokin ƙofata, da abin da Sista ta yi ta faɗa min.

Rabi ta ce ƙulin da ke cikin kaskon ya ƙone, ba wanda ya tuna da shi.

Na san wasu in sun karanta wannan za su ce, ashe ciwon nan ne ya kashe ta. Ku ji tsoron Allah. Matar nan ta yi shekara goma sha ɗaya tana shan maganinta, ta aurar da ɗiya uku da kuɗin ƙuli, ta ga jikoki, ba wanda ya ɗauki komai daga gare ta, ba kuma a ɗaukar shi daga abinci. Kun ci ƙulinta, kun soya da manta, kuna nan lafiya. Abin da ya hana ta zama bisa benci a auna hannunta, tsoron bakinmu ne. Da kuma ni, da na sauƙaƙa mata ɓuya.

Na san ajali ba ya gaba ba ya baya. Ni ka karantar da haka. An kuma hore mu kada mu riƙa cewa da na yi kaza. Ina ƙoƙari tun safe. Amma an umurce mu da neman magani, kuma an umurce mu da isar da saƙo yadda anka ba mu shi. Na farkon ta yi iyakar yinta. Na biyun ni anka ba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta, ban bari sai na dawo daga gaisuwa ba.

Kati uku ne cikin gafakata, ba biyu ba.

Ke mai kati na uku, na san kina karanta abin da nika sawa nan. Ba zan faɗi sunanki ba, ba zan faɗi garinku ba, har in koma ga Allah. Shekara biyu ni ka amsar miki. Watan jiya kin ce min kanki na sarawa ta ƙeya, in kin yi shara sai kin zauna kin huta, na ce ki rage aiki. Ban faɗa miki daidai ba.

Maganinki ba zai yanke ba, wannan alkawari ne. Amma ba zan sake shiga asibitin nan da katinki ba tare da ke ba. Ran Talata da safe zan zo ƙofar gidanku. Ki sa niƙabinki, ki ari takalmin da ba a san ki da shi ba. Ni zan shiga gaba fuska buɗe. Bayan rubutun ga ba sauran abin da zan rufe, in mutane za su duba, ni za su duba. Ke dai ki zauna bisa benci ki miƙa hannu a ɗaura miki abin awon.

Sista ta ba ni saƙo gare ki, ke ma. Ga shi yadda ta faɗe shi, ban ƙara ba ban rage ba: ta zo.

Duk wanda ke amsar wa wani, miji ko mata ko ƙawa, Allah Ya ba ku lada, amma ku kai shi a gan shi. Wanda kuma ke shan maganin, in result ya yi kyau a gode wa Allah, sannan a ce a duba min jini da zuciya. In ƙirji ya yi nauyi, ko numfashi ya gaza, kada a tsaya jiƙa kanwa.

Ɗalibaina, gobe ina Kebbe. Jibi ƙofa na buɗe kamar kullum. Allunanku na nan a wanke. Wadda ta zo mu ci gaba daga inda munka tsaya, wadda ba ta samu zuwa ba, ba komai tsakaninmu sai alheri.

An kusa kiran magariba. Zan sha nawa. Na lura na jawo wayar kusa da tabarma, ban san lokacin da na yi ba.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo maKa daga bakin kasko, da alwalar asuba a jikinta. Ka gafarta mata, Ka yalwata makwancinta, Ka sanyaya shi fiye da yadda wuta ta gasa ta tana neman halal. Izu biyun nan da ta koya da tsufanta, Ka sa su zame mata haske. Ka suturta ta can kamar yadda ta so sutura nan. Ka ba Rabi da ƙannenta haƙuri. Ni kuma Ka yafe min abin da na ƙara cikin saƙo.

Wanda duk ya karanta har nan, don Allah kada ya tambaye ni ko wace ce. Ya ɗaga hannu kawai ya ce Allah Ya jiƙan Ta-Kebbe, Shi Ya san sunanta.

Ku kuma roƙa wa mai kati na uku, Allah Ya ba ta ƙarfin buɗe min ƙofa ran Talata.